Amsa Daidai, Baki Mai Kaushi: Rigimar Zaurukan Taimakon Fasaha

Ba kasafai kamfani yake fitowa ya ce gidansa ba ya karɓar baƙi da fara'a ba. Stack Overflow ya yi haka a watan Afrilun 2018, ta bakin ɗaya daga cikin manyan jami'ansa, Jay Hanlon. Wannan zaure, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, shi ne a lokacin inda masu rubuta manhaja na duniya suka fi kai kukansu idan aiki ya cije, daga ɗalibin da ya fara jiya har injiniyan da ya tsufa a sana'ar. Hanlon ya amsa cewa mutane da yawa suna jin wurin a matsayin gidan wulaƙanci da girman kai, musamman sababbin shiga, da mata, da waɗanda ba fararen fata ba. Cikin 'yan watanni aka fito da sabuwar dokar ɗa'a, aka kuma sa wata alama a jikin sunan sabon shiga domin a riƙa sassauta masa.

Tsofaffin zauren da dama ba su ji daɗi ba, kuma bai kamata a yi watsi da hujjarsu ba. Cewa suka yi: mun shafe shekaru muna amsa tambayoyi kyauta, muna share shirme, muna gyara kurakurai, har wurin ya zama abin da kowa ke dogaro da shi, yau kuma mu ake kira marasa kirki. Suka ƙara da cewa idan aka ce dole a lallaɓa kowa, to gaskiya ce za ta sha kashi, domin ba a gaya wa mutum aikinsa ɓatacce ne ba tare da ransa ya sosu ba.

Wannan gardama ta girmi Stack Overflow. Tun zamanin Usenet, tsarin tattaunawar da ya riga shafukan intanet na yau, 'yan jami'o'in Amurka sun saba da cewa duk watan Satumba sababbin ɗalibai za su shigo da tambayoyin da aka amsa sau ɗari, a yi musu tsawa, bayan 'yan makonni su koyi al'adar wurin. Daga 1993 zuwa 1994 kamfanonin sayar da intanet irin su AOL suka buɗe ƙofa ga jama'ar gari, baƙi suka riƙa kwararowa ba yankewa, har tsofaffin suka ce Satumbar ta ƙi ƙarewa. A irin wannan yanayi ne gajeriyar amsar nan mai zagi a ciki, wadda ma'anarta ita ce je ka karanta littafin jagora, ta zama ruwan dare. A 2001 Eric Raymond da Rick Moen suka fitar da doguwar nasiha kan yadda ake tambaya da wayo, wadda har yau ake tura wa sababbi. Akwai shawarwari masu amfani a ciki: ka bincika kafin ka tambaya, ka faɗi abin da ka gwada, ka kawo saƙon kuskuren yadda ya fito. Amma ta kuma koya wa matambayi cewa idan aka yi masa kaushin baki ya haɗiye, haka gwanaye suke magana. Daga nan kaushi ya sami rigar mutunci, ya zama kamar shaidar ƙwarewa.

Sai an san yadda Stack Overflow yake aiki kafin a gane inda zafin yake fitowa. Waɗanda suka kafa shi ba su nufi buɗe wurin da za a warware wa kowane mutum matsalarsa ba. Ɗakin karatu suka so ginawa: tambaya ɗaya, amsa mafi inganci, domin dubban mutanen da za su zo neman abu ɗaya nan gaba. Shi ya sa ake kaɗa wa tambaya da amsa ƙuri'a, ta yabo ko ta suka. Shi ya sa ake tara maki: duk ƙuri'ar yabo a kan amsarka maki 10 ne, da maki 2,000 kana iya gyara rubutun wani kai tsaye, da 3,000 kana cikin masu ikon rufe tambaya. Idan an taɓa yin tambayarka, za a rufe ta a nuna maka tsohuwar. A idon mai tsarin, wannan shara ce da tsafta. A idon wanda ya kwana biyu yana fama, ya tattara ƙarfin hali ya rubuta da Turancin da ba harshensa ba, ya dawo bayan minti goma ya tarar an rufe, an kuma danƙara masa ƙuri'un suka ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba, wannan kora ce. Kowannensu gaskiya ya faɗa game da abin da ya gani. Ɗaya yana kallon ɗakin karatun, ɗayan yana kallon kansa.

Akwai wani ƙaramin abu da zai fi taɓa mai karatu Bahaushe. A wannan zaure gaisuwa ba ta da gurbi. Idan ka buɗe tambayarka da barka da yamma, na'urar da kanta za ta iya cire ta, idan kuma ka rufe da godiya wani zai zo ya goge, domin a wurinsu surutu ne da ke tsawaita karatu. Mutumin da ya tashi a inda ba a shiga magana sai an tambayi gida da iyali da gajiya zai ɗauki wannan a matsayin rashin tarbiyya. Su kuwa masu gogewar suna ganin girmamawa ce ga lokacin mai karatu. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na rigimar ba tsakanin ladabi da rashinsa ba ne, tsakanin ladubba biyu ne da ba su san juna ba. Sai dai ba zan yarda a fake da wannan a wanke komai ba. Goge gaisuwa daban, tambayar mutum ko ya taɓa shiga aji daban. Babu al'adar da ba ta san na biyun cin fuska ba ne.

To mene ne gaskiyar hujjar masu tsanani? Babban abin da suke da shi a hannu shi ne cewa amsa mara kyau tana cutarwa, kuma cutarwar ba ta tsayawa a kan wanda ya tambaya. A 2017 wasu masu bincike daga Jamus suka duba manhajojin Android miliyan 1.3. Suka gano cewa kashi 15.4 cikin ɗari suna ɗauke da layukan umarni na tsaro da aka kwafo daga Stack Overflow, kuma a cikin waɗannan, kashi 97.9 suna da aƙalla guntu ɗaya mara aminci. Irin abin da ke faruwa shi ne: mutum ya ce manhajarsa ta ƙi haɗuwa da intanet saboda takardar shaidar tsaro, sai wani mai son taimako ya ba shi layukan da ke kashe binciken shaidar baki ɗaya. Matsala ta kau nan take, matambayi ya yi godiya, ya sa wa amsar alamar karɓa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne ya buɗe wa masu kutse hanyar karanta duk abin da ke wucewa, har da lambobin sirrin mutanen da ba su san an yi wannan hira ba. Wanda zai zo ya ce wannan amsa haɗari ce, kada kowa ya yi amfani da ita, shi ne mai ƙaunar jama'a a wurin, ko da ya ɓata wa mai amsar rai.

Haka abin yake a ƙananan zaurukan da suka fi kusa da mu. Mai gyaran waya a Farm Centre ta Kano da ya tambayi abokan sana'a a Facebook ko WhatsApp wane fayil zai yi wa wata waya filashin da shi, idan aka ba shi wanda ba nata ba cikin fara'a da addu'a, wayar mutane ce za ta mutu a hannunsa, kuma shi zai biya.

Akwai kuma tambayar da ke kama da rashin kunya alhali ita ce taimakon. Sau da yawa mutum ba ya kawo matsalarsa ta asali, yana kawo dabarar da ya ƙirƙiro don warware ta, dabarar kuma karkatacciya ce tun daga tushe. Gwani zai ce masa: me kake son cim ma da wannan? Matambayi ya ji kamar ana tuhumarsa, ya ce ni dai a ba ni amsar abin da na tambaya. Wanda ya ba shi abin da ya nema ya faranta masa, wanda ya tsaya bincike ya cece shi. A nan ina tare da masu tsanani ɗari bisa ɗari.

Inda na rabu da su shi ne da'awar cewa kaushin baki ne ke tsare ingancin. Wancan bincike na 2017 an yi shi ne a kan amsoshin da aka tara a shekarun da zauren yake kan ganiyar tsananinsa, kafin a yi maganar sassautawa. Tsawa ba ta hana guntayen nan masu haɗari zama a sama ba. Ga kuma labarin da ya fi wannan bayyana al'amarin. A 2018 wani bincike da Sebastian Baltes ya jagoranta ya gano guntun umarni na harshen Java da aka fi kwafa daga zauren zuwa ayyukan da ke shafin GitHub: 'yan layuka ne da Andreas Lundblad ya rubuta a 2010, masu mayar da girman fayil zuwa yadda mutum zai iya karantawa. Da Lundblad ya koma ya duba aikinsa, sai ya tarar da kuskure a ciki, ya kuma bayyana shi a 2019: idan fayil ya kai bayit 999,999, sai a nuna 1000.0 kB maimakon 1.0 MB. Kusan shekara tara dubban idanu suna wucewa ta kansa. Tsananin zauren yana sauka ne a kan sabon shiga mai tambayar da ba ta tsaru ba, ba a kan amsar da ta riga ta tara ƙuri'u ba. Wanda aka fi yi wa tsawa shi ne wanda kuskurensa bai cutar da kowa ba sai kansa.

Abin da ke gyara amsa, idan aka lura, tsari ne: wani ya gwada ya ce bai yi ba, wani ya gyara rubutun, ƙuri'u su ɗaga sabuwar amsa sama da tsohuwa. Kuma tsarin ma yana da nasa lahani. Shekaru da dama amsar da matambayi ya karɓa ita ce ake maƙalawa a sama, ko da ta tsufa, ko da ta ƙasa da ita ta ninka ta ƙuri'u, alhali matambayi shi ne mafi ƙarancin sani a wurin game da abin da ya tambaya. Sai a 2021 aka daina haka. Wannan gyara guda ɗaya ya yi wa inganci hidimar da baƙar magana ta shekara goma ba ta yi ba.

Wanda ake yawan kafa hujja da shi a wannan gardama shi ne Linus Torvalds, ɗan ƙasar Finland da ya fara tsarin kwamfuta na Linux a 1991. Babu mai musun ƙwarewarsa, babu kuma mai musun kaifin harshensa. A Disambar 2012 wani gogaggen injiniya ya shigar da canjin da ya karya wata manhajar sauti, ya kuma nemi ɗora laifin a kan manhajar. Torvalds ya yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a, da zagi. A kan batun fasaha shi ne da gaskiya: dokarsa ita ce sabon canji a zuciyar Linux bai isa ya karya abin da ke aiki a hannun masu amfani ba, kuma wannan doka tana cikin dalilan da suka sa bankuna da kamfanoni suka amince da shi. Masu kare shi sukan ce da ya yi magana a hankali da dokar ba ta shiga kunne ba. Amma a 2013 koke kan irin wannan zagi ya fito fili daga mai kula da sashen USB 3.0, injiniya a kamfanin Intel, a 2015 kuma aikin ya yi asarar wannan hannu baki ɗaya. Wannan wanda ya yi magana ke nan. Waɗanda suka leƙo suka juya ba wanda ya ƙirga su.

A Satumbar 2018 Torvalds da kansa ya nemi afuwa, ya ce yadda yake kai wa mutane hari a saƙonninsa bai dace ba, ya ɗauki hutu, abokin aikinsa Greg Kroah-Hartman ya kammala fitar da sigar 4.19 ta Linux. Aka ɗauki sabuwar dokar ɗa'a. Wasu suka yi ta hasashen cewa inganci ya mutu. Torvalds ya dawo bayan kamar wata guda, har yau yana ƙin karɓar aikin da bai gamsu da shi ba, wani lokaci da zafi, sabuwar siga kuma tana fitowa duk mako tara zuwa goma kamar da. Dokar kada a karya wa mutane kayansu tana nan daram. Ashe ikon cewa a'a ne yake riƙe da ingancin, zagin kuwa kaya ne da aka ɗora masa. Ubuntu ma, wani nau'in Linux da Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, da dokar ɗa'a ya fara tun daga tushe, kuma zaurukansa ne suka shigar da ɗimbin mutane Linux.

Kada dai a ɗauka rashin ladabi daga sama kawai yake gangarowa. Matambaya ma suna da nasu: wanda zai manna aikin gidan da malami ya ba shi ya ce a yi masa kafin gobe, wanda za a ɓata awa guda ana yi masa bayani ya ɓace ko na gode babu, wanda ke magana da ɗan sa-kai kamar yaron shagonsa. Yawancin kaushin gwanaye gajiya ce da ta taru. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen Python, ya ajiye shugabancinsa a Yulin 2018 bayan wata gardama mai zafi kan ƙaramin canji a harshen, ya ce ya gaji. Labarin da ya fi tsoratarwa kuwa shi ne na xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace kwamfutar Linux. Mutum ɗaya, Lasse Collin, shi ke kula da ita kyauta shekara da shekaru. A 2022 wasu sunaye suka riƙa matsa masa da baƙar magana, suna cewa ya kasa, ya miƙa wa wani. A gefe guda ga wani mai kiran kansa Jia Tan, mai haƙuri, mai taimako, mai kawo gyare-gyare masu kyau. Collin ya ba shi amana. A farkon 2024 Jia Tan ya dasa ɓoyayyiyar hanyar kutse a sigar 5.6.0 da 5.6.1, wadda da ta bazu da ta buɗe manyan kwamfutoci ba adadi. Andres Freund, injiniya a Microsoft, shi ya gano ta a ƙarshen Maris, domin ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ya ƙara kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce. Masana da yawa suna kyautata zaton masu baƙar maganar da mai fara'ar hannu ɗaya ne. Da kaushi aka karya mai gadin, da ladabi aka wuce shi, wanda ya ceci jama'a kuma mutum ne da ya tsaya ya auna.

Daga nan ne nake ganin masu kiran a sassauta su ma suna da abin da ya kamata su ji. Laushin harshe yana sa a yarda da magana, ko gaskiya ce ko ba ita ba, kuma an ga haka ƙarara da zuwan ƙirƙirarriyar basira. An saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwambar 2022. Kafin mako ya zagayo, ranar 5 ga Disamba, masu kula da Stack Overflow suka haramta amsoshinsa, saboda suna da kyan gani, suna da sauƙin samarwa, kuma da yawansu ba daidai ba ne. Masu bincike a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ba shi tambayoyi 517 daga zauren, suka tarar kashi 52 cikin ɗari na amsoshin suna da kuskure. Duk da haka, a kusan kashi ɗaya cikin uku na lokuta mutanen da aka gwada sun fifita amsar na'urar a kan ta ɗan Adam, kuma tsari da ladabin maganarta suna cikin dalilan. Na'urorin sun inganta sosai tun daga lokacin, amma halin ɗan Adam na amincewa da mai daɗin baki bai canza ba. A Yunin 2023, da kamfanin ya nemi ɗaure hannun masu kula da zauren wajen cire irin waɗannan amsoshi, 'yan sa-kan nan da aka daɗe ana kira marasa kirki suka tafi yajin aiki na kusan wata biyu. Don kare mai karatu daga ƙarya suka yi.

Matambaya kuwa sun riga sun yanke nasu hukunci da ƙafa. A wajajen 2014 zauren yana karɓar tambayoyi kusan dubu 200 a wata. Adadin ya fara sauka tun kafin ChatGPT, abin da ke nuna korar ta daɗe tana aiki, bayan zuwansa kuma ya rufta, har a 2025 ya koma irin na shekarun farko. Kamfanin Prosus da ya saye shi a kan dala biliyan 1.8 a 2021 ya ga an sallami kashi 28 cikin ɗari na ma'aikatan Stack Overflow a Oktobar 2023. Ba na ganin laifin ɗalibin da ya zaɓi na'urar da ba ta gajiya, ba ta raina Turancinsa, ba ta ce masa an taɓa tambaya. An ce matambayi ba ya ɓata, amma sai idan akwai inda zai yi tambayar bai ji kunya ba.

Abin da ya rasa shi ne mutum na uku. A zaure, idan aka ba ka amsa mara kyau, akwai yiwuwar wani ya zo wucewa ya ce a'a, kuma gyaran zai zauna a wurin domin na baya. A hira tsakaninka da na'ura babu mai wucewa. Idan ta ce ka kashe binciken shaidar tsaro, ku biyu ne kawai kuka sani. A 2024 Stack Overflow ya buɗe wani sashe inda gogaggu ke taimaka wa sabon shiga ya gyara tambayarsa a keɓe kafin ta fita fili, wato a tsananta wa rubutun ba tare da an kunyata marubucin ba. Abin da ya kamata a yi tun shekara goma da suka wuce ke nan, kuma ya zo bayan yawancin masu buƙatarsa sun tafi. A shekarar ce kuma kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da OpenAI, mai ChatGPT, domin a yi amfani da rumbun tambayoyi da amsoshin zauren wajen inganta na'urorin. Rumbun nan mutane ne suka cika shi da tambayoyin da suka yi a fili da gyare-gyaren da aka yi musu a fili. Manhajar da za a ƙirƙiro baɗi za ta zo da nata matsalolin da ba su cikin rumbun, kuma na'ura ba za ta sami gyararriyar amsar da za ta koya daga gare ta ba sai wani ya yarda ya yi tambayar a gaban mutane, wani kuma ya tsaya ya amsa masa.